Tsautsayi Ne, Ko Kuwa Laifi?

Da zarar mota ta kashe mutum, kalmar da takan fara fitowa daga bakinmu ita ce tsautsayi. Mukan ce ai ba ya wuce ranarsa, mu yi jana'iza, mu koma gida. Mu malamai, da yake yaranmu suna haye titi safe da rana, wannan magana ta daɗe tana damunmu.

Lalle akwai tsautsayi na gaske. Sabuwar taya takan fashe, yaro yakan faɗo gaban mota ba zato. Amma direban da ya sha giya ko ƙwaya, ko wanda ya san birkinsa ba ya kamawa ya kuwa ɗebi fasinja, nasa dabam ne. A Littafin Fitowa sura 21, in bijimi ya soke mutum ya mutu, ba a kama mai shi da laifi. Amma in an san bijimin da suka, an kuma gargaɗi mai shi bai tsare shi ba, to jinin yana wuyansa. Ashe motar da ba birki ba irin wannan bijimi ba ce?

A Ingila, a shekarar 2022, an ɗaga hukunci mafi tsanani na kisa da tuƙin ganganci daga ɗaurin shekara 14 zuwa ɗaurin rai da rai. A Nijeriya kuwa, dokar Hukumar Kiyaye Haɗura ta 2007 ta tsaya a shekara 7. A ganinmu wannan ya yi kaɗan ga wanda ya san abin da yake yi.

Duk da haka, 'yan'uwa, ƙara shekaru a takarda ba zai wadatar ba, gama sau da yawa magana ba ta kai gaban alƙali. Dattawa sukan zo da roƙo, a biya kuɗin likkafani, gwauruwa ta ji kunyar ƙi. Yafewa abu ne mai kyau ƙwarai, amma ba ta gyara birki, gobe kuma mutumin nan yana kan hanya. Mai motar da ya matsa masa ya yi sawu biyu ba barci, shi ba a ko kiran sunansa.

Inda mutane suka fid da rai ga kotu, sukan yi hukunci da hannunsu. A Gombe, a daren Ista na 2019, mota ta afka cikin jerin 'yan Boys' Brigade, yara da dama suka mutu. Nan take jama'a suka kashe direban, ba a taɓa jin bayaninsa a gaban shari'a ba.