Yadda Na Yi wa Ƙ Walda

Duk ɗalibin Hausa da ke karatu a Kudu ya san wahalar haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. A allo ba matsala, alli ba ya gardama. Amma ranar da za a buga allon sanarwa na yadi ko bangon mujalla, sai ka tarar yawancin kyawawan haruffan da ke cikin kwamfuta ba su da su. Wasu kan ce a bar su kawai, ai mai karatu zai gane. Ni ban yarda ba. Wanda ya cire lanƙwasa daga "manyan baƙi" ya mai da su "manyan baki", alhali kuwa su ne za a zaunar a layin gaba ranar biki.

Wannan ne ya sa na koyi CorelDraw a hutun shekarata ta biyu, wajen wani yayana da ke aikin ɗab'i a Shomolu ta Legas. Manhajar ta fito tun 1989, kuma ita ce akasarin masu ɗab'in unguwar ke amfani da ita. Ba ta ajiye zane a matsayin ɗige-ɗige kamar hoto. Layuka da lanƙwasa take ajiyewa ta hanyar lissafi, shi ya sa ko an faɗaɗa harafi ya kai girman ƙofa bakinsa ba ya dusashewa.

Ga yadda yayan nawa ya nuna mini. Da farko a rubuta k da f da salon harafi ɗaya, a mai da su zane, domin muddin suna matsayin rubutu ba a iya yanka su yadda ake so. Sai a ɗora ɗan akwati a kan tsinin k, a ba da umarnin Trim, akwatin ya datse wurin kamar almakashi. A yi wa f haka nan, a bar kanta kaɗai. Daga nan a jawo kan f a zaunar a wuyan k, su ɗan hau juna, a danna Weld. Walda ce sosai: layin da ya raba su ya ɓace, abu biyu ya zama ɗaya. Abin lura shi ne wanda aka zaɓa a ƙarshe, shi ake datsewa, kuma launinsa ne ke rinjaye wajen walda.

Dalilin zaɓen f kuwa, wanda ya zana haruffan ya riga ya daidaita kaurinta da na k, don haka lanƙwasar ba ta fitowa kamar aro. Kai guda ɗin nan ya ishi ɓ da ɗ ma. Manyan haruffa ne masu taurin kai, musamman Ƙ, wadda lanƙwasarta ke kan hannun dama na sama. Ita sai an zana da hannu.

Ni Bayarabiya ce, mu ɗigo muke sa wa ẹ da ọ da ṣ, aikin daƙiƙa biyar. Ƙ ta farko ta cinye mini yini guda. Yanzu ina da su a ajiye cikin salo huɗu, duk mai bukata a sashenmu ya zo da filashinsa.