Taron Suna a Zanen Yarabawa

A shekarar 1964 Georgina Beier ta shirya bitar koyon zane a kulob ɗin Mbari Mbayo na Oshogbo, wanda Duro Ladipo ya kafa a 1962. Daga nan aka sami fitattun masu zane irin su Jimoh Buraimoh da Muraina Oyelami da Twins Seven-Seven. Su da waɗanda suka biyo sawunsu sun ɗauko jigoginsu daga tatsuniyoyi da kasuwa da makaɗa da bukukuwan gari.

Abin lura a zanen taron suna shi ne, jariri ne mafi ƙanƙanta a cikinsa. Jama'a ce ke cika fili: mata cikin anko, makaɗa da kalangai, dattijai a zaune. A gabansu akan jera ruwa da gishiri da zuma da manja da goro da namijin goro, kuma kowanne addu'a ce. Zuma na nufin zaƙin rayuwa, namijin goro kuwa tsawon rai. Wato mai zanen yana faɗin abin da Bahaushe kan ce, ɗa na kowa ne.

Amma wannan murna tana da tushe mai ɗaci, kuma rayuwar Twins Seven-Seven ta isa shaida. An haife shi a 1944, kuma sau bakwai mahaifiyarsa tana haihuwar tagwaye, shi kaɗai ya rayu. Daga nan ya sami laƙabinsa. Yarabawa na kiran irin wannan ɗa abiku, Hausawa kuma ɗan wabi. Al'ummar da ta sha binne jarirai ba ta ɗaukar ranar suna da wasa, domin kowane ɗa da ya kai ta nasara ce ga dangi. Yaron da aka yi fargabar ba zai zauna ba ya kai shekarar 2011, bayan hukumar UNESCO ta karrama shi a 2005.

Malamin da ya kai irin wannan zane aji, kada ya tsaya ga yaba launi. Ya sa ɗalibai su ƙirga mutanen da suka kewaye jaririn, su gano cewa Taiwo da Kehinde su ne Hassan da Husaini, Idowu kuwa shi ne Gambo. Sannan ya tuna cewa kowane yaro da ke zaune a gabansa an taɓa yi masa irin wannan taro, kuma amanar mutanen taron ce aka damƙa masa.