Littafin Jamusanci a Garejin Fadan Kagoma

Duk wanda ya tashi a Kagoma ya san idan hunturu ya kama, kowa hankalinsa na kan citta. A haƙo ta, a tsaga, a shanya, sannan gingimari su kwashi buhuna zuwa Kafanchan ko Kwoi. Da yawa daga cikin motocin nan Marsandi 911 ne, wasu haɗin kamfanin ANAMMCO na Inugu da aka buɗe a 1980, wasu kuma tsofaffi ne da aka shigo da su daga Jamus.

A lokacin ina yaron gareji a Fadan Kagoma, ba a daɗe da shigowar wayar salula ba, aka kawo mana wata 911 da ta addabi mai ita. Da safe sai an sha wuya kafin ta tashi, idan kuma ta ɗauki lodi ta kama hawa, sai ƙarfinta ya mutu. Maigidana ya canza filta, ya wanke tanki, ya fitar da iska daga bututun mai, amma ciwon na nan. Mai motar har ya fara neman rancen kuɗin sabon fanfon injakta, ga cittar mutane jibge tana jira.

A bayan kujerar direba muka tarar da wani littafi mai kauri, duk ya sha baƙin mai, cike da zanen injin OM 352 mai silinda 6. Da Jamusanci aka rubuta shi, ba wanda ya iya karanta ko layi ɗaya a cikinmu. Sai maigida ya aike ni da littafin Kafanchan wurin wani dattijo da ya yi aikin kanikanci a kamfanin Julius Berger a Abuja tare da Jamusawa.

Na gaishe shi na ce, "Baba, maigidana ne ya ce a taimaka mana da sunan abin da ya lalace."

Ya sa tabarau ya ce, "Yaro, fara gaya mini yadda take yi. Da safe ne ko da rana? Da lodi ko ba lodi?"

Da na zayyana masa, sai ya buɗe shafin da aka rubuta Störung, inda aka jera matsaloli da musabbabinsu da maganinsu. Ya bi layi da yatsa yana tsallake abin da muka riga muka gwada, har ya tsaya a kan Überströmventil. Ya ce wani ɗan bawul ne a inda bututun mayar da mai zuwa tanki ya fita, da sifirin da ƙwallon ƙarfe a cikinsa. Aikinsa riƙe matsin mai a cikin fanfo. Idan sifirin ya saki, mai ya zurare ya koma tanki, fanfo ya zauna da ƙishi. Ya rubuta mini sunan da lambar kayan a bayan kwalin sukari.

Da muka kwance bawul ɗin, sifirin ya gaji, ƙwallon ya ci gefe. Da wannan lamba maigida ya buga waya kasuwar Panteka ta Kaduna, aka aiko da sabo a motar haya. Da muka ɗaura shi, bugu ɗaya 911 ɗin ta tashi, kuma a daren ta yi lodi.

Dattawa irin wannan Baba suna ƙarewa, ilimin yana tafiya tare da su, injunan Jamus kuwa har gobe suna kan hanyoyinmu. Ina roƙon ƙungiyoyin makanikai da makarantun koyon sana'a na Kudancin Kaduna su zauna da waɗanda suka rage, a rubuta sunayen kayan inji da ciwukansu da Hausa, kusa da na Jamusanci da lambobinsu, a ajiye a kowane gareji.