Keke a Cikin Jirgin Sama

Keke abin hawa ne, amma ran da aka ce a kai shi Ikko ta jirgin sama, sai ya koma kaya, mai shi kuwa ɗan dako. Haka ta kasance tsakanina da Raleigh ɗin marigayi mahaifinmu, wanda ya faɗo a rabon yayana mazaunin Agege. Ya ƙi yarda a sa shi a motar kaya, don kada buhunan albasa su lanƙwasa shi.

Wani mai gyaran keke a Ƙofar Wambai ya kwance ƙafar gaba, ya karkatar da kan, ya sace iskar tayoyin. Fedar hagu ce ta ba mu wuya, domin ita baibai ake kwance ta, ga shi kuwa ta yi shekaru sifana ba ta taɓa ta ba. Muka tura shi cikin kwali, muka ɗaure tamau.

Masu a-daidaita-sahu uku suka ƙi mu. Na huɗu ya aza kwalin bisa rufi, muka ratsa Fagge ina riƙe da bakin igiya har hannuna ya yi kanta.

A filin jirgin sama na Malam Aminu Kano ma'auni ya nuna nauyin ya zarce ƙa'ida. Na biya ƙari ba ciniki, ni da na saba taya ko da allura. Ma'aikaci ya ce, "Malam, ka sake shi mana." Da suka ɗaga kwalin, sai na ji ƙararrawar Baba ta kaɗa sau ɗaya daga ciki.