Hanya Uku A Gaban Mai Tsara Abincin Majiyyata

A Sabon Wuse, hedkwatar ƙaramar hukumar Tafa ta Jihar Neja, a bakin hanyar Abuja zuwa Kaduna, akwai wata baiwar Allah wadda aikinta shi ne tsara wa majiyyata abinci. Ta tara 'yan kuɗin komawa jami'a neman digiri na biyu, amma takardar neman shiga ta yi wata biyu cikin jakarta, don kuwa akwai layi guda da ta kasa cikawa, wato fannin da za ta ƙware a kai.

Yayanta ya ce ta ɗauki fannin abincin asibiti, inda ake auna wa mai ciwon sukari tuwo, a rage wa mai hawan jini gishiri, a ƙayyade wa mai ciwon ƙoda nama da ruwa. Hujjarsa mai ƙarfi ce. Manyan asibitocin Abuja na nan kusa, suna biya da kyau, ga kuma mahaifinsu da sukari ya kama, kullum sai an yi daru da shi a kan fura.

Fanni na biyu na masu bincike ne da ma'aikatun sarrafa abinci, irin waɗanda ke lura da sinadarin da ake sa wa gishiri don maganin maƙoƙo. Aiki ne mai daraja, amma ita ba ta jure zaman ɗakin gwaji.

Na ukun shi ne abincin al'umma, kuma shi ya hana ta barci. Wata ranar Talata wata tsohuwa ta kawo jikanta ɗan wata goma sha huɗu. Da aka ɗaura masa zaren awo a damtse, sai ya faɗa cikin ja, wato ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani ke nan. Ta ce, "Iya, me yake ci?" Tsohuwa ta ce, "Koko, 'yata, safe da yamma." Alhali kuwa gidan nan manoma ne, suna da gyaɗa da waken suya, sai dai duk kasuwar Suleja ake kai su. Da an riƙa dama kokon da garin gyaɗa da ɗan manja, da abin bai kai haka ba. To, wa zai je ƙauye ya faɗa musu tun yaro bai kwanta ba?

Abin ba na gida ɗaya ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A Maraɗi kuwa, cikin yunwar 2005, an ga yadda ƙullin gyaɗa mai haɗi da madara ya warkar da dubban yara a gidajen iyayensu, ba tare da an kwantar da su ba. Sai dai aikin nan na yawo ne cikin ƙura da taɓo, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba.

Ta daɗe tana jinjina maganar mahaifinta. Daga bisani ta rubuta masa tsarin abincin mako, ta liƙa a bangon madafa, ta koya wa ƙanwarta awo. Sa'an nan ta cika layin nan da fannin abincin al'umma, ta nufi Jami'ar Badun da shi. Yayan bai ce uffan ba, amma shi ya biya kuɗin mota.