Ribar Minti Biyar

Yawancin kwamfutocin tebur da ke aiki a Briqueterie sun riga sun ci zamaninsu a wata ƙasa kafin su iso hannunmu. A tashar jiragen ruwa ta Duwala ake sauke su, a lodo su zuwa Yawunde, su ƙare a shagunan Avenue Kennedy ko a wani lungu na kasuwar Mokolo. Duk wanda ya sayi irinsu ya san tsohuwa ya ɗauko, amma ba ya son ta yi masa tafiyar tsofaffi. Shi ya sa samarinmu masu haɗa bidiyon biki da masu wasannin kwamfuta suka koyi wata dabara: a shiga BIOS a tilasta wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, gudun da kamfanin da ya ƙera ta bai yi alkawari ba. Ni da nake gyaran kwamfuta a ɗakina a Cité Verte, ba kasafai nake ganin farkon wannan dabara ba. Ƙarshenta ake kawo mini a bayan babur.

Lissafin ba shi da wuya, kuma sauƙinsa ne ke jan mutane. Ɗauki Intel Core i5-2500K da ta fito a Janairun 2011, wadda har yau masu ido ke farautarta a cikin gwanjo. Agogonta na tushe megahaz 100 ne, ana ninka shi sau 33, a sami gigahaz 3.3. Harafin K da ke ƙarshen sunan na nufin kamfani bai kulle wannan ninki ba. Idan uwar allon ta yarda, sai ka goge 33 ka rubuta 46, kwamfuta ta tashi tana nuna maka 4.6. Ba ka biya ko sefa ɗaya ba. Wa zai ƙi?

Ɗan yayata bai ƙi ba. Yana da ɗan shago a cikin Briqueterie, rufin kwano, tsakanin wani tela da wani mai tsire, inda yake haɗa bidiyon aure da na suna. Irin wannan furosesa ce a kwamfutarsa, kuma wata uku ya yi yana yi mini alfahari da 4.6 ɗinsa. Da ya kawo mini ita, ya riga ya yanke hukunci. “Kawu, ƙwayar cuta ce ta shige ta. Ka wanke mini Windows kawai, ranar Asabar zan miƙa aikin mutane.” Na tambaye shi yaushe take faɗuwa. Ya ce ba ta da lokaci. Na matsa masa, sai ya tuna: ba ta taɓa faɗuwa da safe ba, ba ta faɗuwa yana kallon YouTube, sai idan ya sa ta fitar da bidiyo bayan azahar. Ƙwayar cuta ba ta san azahar ba.

Abin da nake fara yi kullum shi ne mayar da komai yadda kamfani ya bar shi. Na cire ƙaramin batirin da ke kan uwar allo, BIOS ta manta duk abin da yaron ya koya mata. A gudunta na asali kwamfutar ta kwana tana aiki ba ko tari. Wannan kaɗai ya wanke Windows daga zargi. Daga nan sai tafiyar hawainiya: a canza abu ɗaya, a gwada, a rubuta a takarda. Samari ba sa son wannan ɓangaren. Sukan ƙara gudu, su ƙara wuta, su taɓa RAM a zama ɗaya, in ta faɗi kuma ba mai sanin wanne ne ya kayar da ita.

RAM na fara dubawa da MemTest86, manhajar da ke tashi daga filasha ba tare da Windows ba. Sanduna biyu ne a ciki, kowacce daga gidan ubanta, ya kuma tura su zuwa 1866 alhali 1333 Intel ta rubuta wa wannan furosesa. Cikin minti ashirin kurakurai suka fara zubowa. Na dawo da su 1333, suka yi shiru. Laifi ɗaya ke nan, amma ba shi kaɗai ba ne.

Mutane na tsoron shuɗin allon nan da Windows ke nunawa idan ta faɗi, ni kuwa murna nake yi da shi, domin mara lafiyar da ke iya nuna inda ke masa ciwo ya rage wa likita aiki. Da na mayar da ninkin 46 a kan bolt 1.30 kamar yadda ya sa, allon ya fito da lamba 124. Ma'anarta furosesa da kanta ta kai ƙara cewa ta ga kuskuren da ba za ta iya gyarawa ba, kuma ga mai ƙure gudu, galibi ƙarancin wuta ne. 'Yar'uwarta ita ce 101, wadda ke cewa ɗaya daga cikin cibiyoyin furosesa huɗu ta sandare ta daina amsa kira. Akwai kuma wata dabi'a da ke ruɗa mutane: wutar da ka rubuta a BIOS ba ita ke isa ba idan aiki ya yi nauyi. Tana ɗan sunkuyawa, kamar yadda famfo ke rage ƙarfi idan duk unguwa ta buɗe nata. Shi ya sa kwamfuta za ta yini lafiya tana buɗe hotuna, ta faɗi da zarar an ɗora mata bidiyo.

Maganin a fili yake, a ƙara wuta. Nan kuma tarkon yake. Zafin da furosesa ke fitarwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar, gaba yake yi ya bar ta: daga bolt 1.2 zuwa 1.4, zafi na ƙaruwa da kusan kashi 36 cikin ɗari tun ba a taɓa gudu ba. Haɗa da tashi daga 3.3 zuwa 4.6, ka kusa ninka shi biyu, a kan furosesar da aka ƙiyasta wa wat 95. Furosesa mai zafi kuma ta fi mai sanyi buƙatar wuta. Kare ne ke bin jelarsa.

A bolt 1.40 ta tsaya, da dare, a ɗakina, taga a buɗe. Yawunde tana bisa tuddai, sama da mita 700 daga teku, darenmu na da sanyin da mutanen Duwala ke yi mana hassada a kansa. Amma ba a ɗakina kwamfutar ke neman abinci ba, don haka washegari muka mayar da ita shago muka sake gwaji da ƙarfe biyu na rana. Watan Janairu ne, jar ƙurar rani ta haɗu da maiƙon hayaƙin maƙwabcinsa ta yi wa fankar bargo. Zafi ya haura digiri 90. Can wajen magariba, da wutar unguwa ta yi rauni, sai ta mutu ɗif, babu shuɗin allo, babu sallama. A littafin Windows lamba 41 kawai ta bari, wadda ba ta faɗin komai sai cewa an mutu ba shiri. Irin wannan mutuwa akwatin wuta nake fara tuhuma. Na ciro nasa, an rubuta wat 500 a jiki, nauyinsa bai kai na gwangwanin madara ba.

Duk wannan ana iya gyara shi da kuɗi da tsintsiya. Abin da ya hana ni barci daban ne. Bayan mun share ƙura, mun sake shafa man sanyaya, mun sa akwatin wuta na kirki, sai na sauko da ita 4.4. Ta daina faɗuwa. Yaron ya fara naɗe wayoyi. Na ce ya dakata, na kunna Prime95. George Woltman ne ya rubuta wannan manhaja a 1996 don farautar manyan lambobin da ba sa rabuwa, kuma saboda tana binciken amsoshinta da kanta, masu gyara suka mai da ita ma'aunin gaskiya. Bayan awa uku, cibiya ta uku ta tsaya da saƙo: saurar lissafi ta fito 0.5 a inda bai kamata ta kai 0.4 ba. Windows na nan lafiya, linzami na motsi, waƙa na tashi. Kwamfutar ta yi kuskuren lissafi ta ci gaba da harkarta kamar ba ita ba.

A wurina wannan ya fi shuɗin allo ɗari muni. Na tambaye shi inda ainihin hotunan bikin suke. Ya ce ya kwafe su cikin kwamfutar, ya goge katin kyamara saboda wani bikin. Wato ranar auren 'yar mutane, kamu da ɗaurin aure da kai amarya, kwafi ɗaya ne tak a duniya, kuma ta cikin na'urar da ke kuskure a ɓoye ya bi. Muka buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya. Guda biyu sun lalace: a ɗaya hoton ya farfashe ya zama koren murabba'ai na daƙiƙa kaɗan, ɗayan kuma ya ƙi buɗewa sam. A cikinsa ne kakar amarya ke yi mata nasiha. Ba a maimaita wannan don mai kyamara.

Ba na cikin masu cewa a bar komai yadda kamfani ya ce. Tun zamanin Celeron 300A ta 1998, da ake tura ta daga megahaz 300 zuwa 450, talaka ke samun rabonsa ta wannan hanya. Kamfanonin ma ba waliyyai ba ne: a 2024 Intel ta amsa cewa wasu furosesocinta na zubi na 13 da na 14 suna neman wutar da ta wuce kima har tana lalata su, ta fitar da gyara, ta ƙara shekara biyu a kan garanti. Idan mai ƙera abu zai iya zarce iyaka da dukan injiniyoyinsa, yaron da ya kwafi lambobi daga bidiyon wani Bature mai na'urar sanyaya ɗaki ba abin zagi ba ne. Sai dai furosesa biyu masu suna ɗaya ba sa jure abu ɗaya, ɗaki biyu ma haka.

A 4.2 muka tsaya, bolt 1.26. Ta yi awa goma sha biyu a Prime95 cikin shagon, ƙofa a rufe, zafi bai wuce digiri 75 ba. Ya ɓata rai, sai na ba shi biro ya yi lissafi da kansa: aikin da zai ci awa ɗaya a 4.2, minti 55 zai ci a 4.6. Ya daɗe yana kallon takardar. Ranar Asabar ya miƙa bidiyon babu nasihar kaka, ya rage musu kuɗi, uwar amarya ta karɓa ba ta ce masa komai ba. Ran Litinin ya je Avenue Kennedy ya sayo katin kyamara na biyu.