Gadar Masu Tafiya a Ƙafa

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Hasahisa ya san cewa a Jazira ba a auna nisa da ido. Kana hango makaranta ga ta nan kusa, amma tur'a ta gitta a tsakaninku, dole ka bi gefenta tafiya mai tsawo kafin ka sami inda za ka ƙetare.

Wannan abu yana da asali. Da Turawan Ingila suka gama madatsar Sinnar a 1925, sun tsara wa ruwa hanyarsa tsaf: daga babbar tur'a zuwa ƙanana, daga nan zuwa Abu Ishirin, sai Abu Sitta, har cikin hawasha. Ita ma auduga an yi mata tata hanyar, ƙaramin jirgin ƙasa yana kwasarta zuwa injinan gurza na Hasahisa da Marinjan. Amma iyayenmu da kakanninmu da suka tsinci audugar nan, da yawansu mazauna kambo ne, ba a sa su cikin taswira ba. Gada tana inda ƙofar ruwa take, ko inda motar mufattish za ta bi.

To, mu sai muka yi ta dabara. A gitta gungumen itace, ko a naɗe wando a shiga. Mun ga dattijo ya saɓa kekensa a kafaɗa ruwa har ƙugu, mun ga mace da goyo da damin itace tana lallaɓawa a kan gungume mai santsi. Yaran da ke ratsa ruwan nan safe da yamma kuwa, su ne ke fama da tsargiya, domin dodon-koɗin da ke ɗauke da cutar a cikin ciyawar tur'a yake zaune. Gadar da ta haɗa Hasahisa da Rufa'a a kan kogi ta hutar da mu jiran fanton, mun kuwa gode Allah, sai dai ba ta rage wa ɗan makarantar kambo ko taku ɗaya ba.

Abin da muke nema ƙarami ne, amma yana son a yi shi da hankali. Faɗinta ya isa mai keke da mai jaki su wuce juna. A sa mata abin dafawa hagu da dama, da ƙarfe na biyu a ƙasa-ƙasa don kada ƙaramin yaro ya zurma. Kada a yi mata matakala, a yi gangare, saboda keke da tsofaffi. A ɗaga ta sama da cikar ruwa don ciyawa ta wuce. Babbar magana ita ce harsashi. Baƙar ƙasar nan tamu tana kumbura da damina, ta tsage da rani, kuma duk ginin da bai nutsa sosai ba sai ta karkatar da shi. Sannan a zuba tsakuwa a bakinta, don gadar da laka ta tare hanyarta a watan Agusta ba ta amfani kowa ba.

Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya bar tur'o'i da yawa cike da laka da ciyawa, kuma tun 2025 da mutane suka fara komowa ake maganar yashe su. Lokacin yin magana ke nan. Kafin karraka ta iso, dattawan kowane kambo su zaga da injiniya su nuna masa inda sawun jama'a ya riga ya fitar da hanya zuwa bakin ruwa, a kafa turaku a wurin.